Yadda Ake Daddawar Kalwa A Gida, Tun Daga Ɗorawa Har Tukunyar Miya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Maganar daddawa nake so muyi, kuma zan ja ta da ɗan tsawo dan ba aba bace da ake koya a layi biyu. Yanzu sai kiga yarinya ta tashi a gidan da akwai ɗorawa a gonarsu amma batasan yadda kalwa take zama daddawa ba, ita dai a miƙo kuɗi ta aiki yaro shago ya siyo dunƙule, in tsofaffin da suke yi suka ƙare shikenan sai dai mu dinga siyan wadda aka cakuɗa da waken suya ana rantse mana cewa zalla ce. Wallahi abin yana damuna, dan ba wani asiri a cikin aikin nan, haƙuri ne da itace da tsafta.

Kafin mu ɗora tukunya ki ɗan leƙa kwanon kayan ƙamshinki, zakiga yawancin abinda ke ciki baƙi ne suka zo suka zauna. Kanunfari asalinsa tsibiran Maluku ne can ƙasar Indunusiya, daga baya aka yi manyan gonakinsa a Zanzibar, da can ayarin raƙuma ne ke shigo da shi Kano ta hamada shi yasa ya zama kayan masu hali. Barkono da attaruhu da tattasai har da tumatir duk daga nahiyar Amurka suka fito, sai bayan 1492 jiragen ruwan Turawa suka yaɗa su a duniya. Kinga kenan lokacin da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda yayi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya kafa kasuwar Kurmi, miyar mutanen Kano ba barkono a cikinta, yajinsu masoro ne da kimba da citta mai ƙwaya, su kuma daga dazukan kudu fatake ke hawo da su. Citta mai yatsu 'yar Asiya ce, yanzu kudancin Kaduna ke nomata wajen Kachia da Kafanchan, kuma duk mai cefane ta tuna yadda ta yi tsada bayan cutar da ta cinye gonakinta a 2023. Shi kuwa dunƙule kamfanin Maggi na ƙasar Suwizalan ya fara fitar da shi a 1908, zuwansa ƙauyukanmu kuma jiya-jiya ne.

Daddawa ita ce tamu ta gado. Bishiyar tana nan a gonakinmu tun kaka da kakanni, kuma ba mu kaɗai ba, Yarbawa suna yin irin tasu suna ce mata iru, mutanen Mali da Burkina Faso suna da sumbala, duk kalwar nan ce dai. Manomi yana share gona ya sare komai amma ya bar ɗorawa, dan ya san garinta abinci ne, kalwarta kuɗi ce, makubarta kuma da ita ake daɓe da shafen katanga. Yanzu masu gawayi da masu katako sun sa ta a gaba, ga shi tana ɗaukar shekaru kafin ta fara 'ya'ya na kirki. Shi yasa in kika yi arewa wajen Ɗambatta ko Gumel sai kiga tayi ƙaranci, ta fi yawa ta kudu wajen Tudun Wada da Sumaila da Gwaram. Dan Allah mai ita a gona ya riƙe ta.

To mu shiga aiki.

Samun kalwa

Ɗorawa tana nuna ne da bazara, wajen watan 4 zuwa na 5 lokacin da zafi ya kai maƙura. Kar a yi gaggawar kaɗo ta tana garda, a bari kwanson yayi ja ya bushe har in kin girgiza kiji alamar ya saki. In an kawo gida sai a ɓare, a shanya cikin, a zuba a turmi a ɗan daddaka a hankali garin ya rabu da ƙwayar, a tankaɗe a ajiye garin dan kunu ko yara su sha, ƙwayar kuma a wanke ta tas har rawayan nan ya fita, a shanya ta bushe ƙarau. Wannan ita ce kalwa.

In siya zakiyi, ki je ranar kasuwa, irin su Wudil ran Juma'a, kuma ki siya da kakarta tun kafin damina tayi nisa dan daga nan farashi hawa yake. Ki damƙa a hannu ki duba, mai kyau tana da nauyi da sheƙi, ba huda-hudar ƙwaro, ba warin rima. In farkon yinki ne ki fara da kwano ɗaya. Kar ki yi ƙasa da haka sosai, dan 'yar kaɗan bata riƙe ɗumi, kuma ɗumin nan shi ne rabin aikin, zan zo kansa.

Dahuwar farko

Ki tsince tsakuwa da ƙasa, ki wanke, in kina so ki jiƙa ta tun safe dan ta rage miki itace. Da yamma sai ki zuba a babbar tukunya, ruwa ya sha kanta sosai ya haura da kamar tsawon hannu, dan tana shan ruwa tana kumbura. Ki samu itace mai kauri wanda zai kwana yana ci, kara bazai yi miki wannan aikin ba sai dai ki kwana a bakin murhu kina turawa. Kalwa ɓawonta tauri gareshi ba wasa ba, tana cin awa 12 akan wuta, wata ma har ta nemi kwana da wuni in tsohuwa ce. Kina yi kina leƙawa, in ruwa ya ja ki ƙara, kuma ruwan zafi yafi dan na sanyi yana mayar da dahuwa baya. In ta ƙone a gindin tukunya ƙaurin nan bazai taɓa fita ba har cikin miya.

Wasu suna jefa 'yar kanwa ko toka tun a nan dan ɓawon ya yi saurin saki. Ba laifi, amma kaɗan. Kuma abu ɗaya da zan ja kunnenki akai tun yanzu, kar gishiri ko mai ko manja ya kusanci tukunyar nan. Tukunyar da aka yi miya a ciki a wanke ta da toka sosai kafin a ɗora.

Yadda zaki gane ta yi, ki ɗebo 'yan ƙwayoyi ki murza tsakanin yatsu, in baƙin ɓawon ya zame cikin ya fito ya rabe biyu to ta isa sauka. In goma kika murza uku suka ƙi, ki ƙara mata wuta.

Surfe da wanki

Nan ne wahalar take, nan kuma ake gane daddawar mai haƙuri. Ki tsiyaye baƙin ruwan, ki zuba kalwar a turmi da ɗan yashi mai tsafta ko toka dan su kama ɓawon, ki dinga surfawa a hankali, ba daka ba ce, in kika sake ƙarfi zaki farfasa ƙwayar ta bi ruwa ki yi asara. In kin ga ɓawon ya rabu sai ki kwashe a babban baho ko masaki ki tara ruwa da yawa, kina cuɗawa da tafin hannu, ɓawon zai taso ki tsiyaye shi, ki sake zuba wani ruwan, haka haka har sai ruwa ya fita fes. Kwando ko gwagwa suna taimakawa, sannan ki rege ta yadda ake regen shinkafa dan yashin ya zauna a ƙasa. Aikin nan yana cin ruwa sosai, shi yasa mata da yawa suke kaiwa bakin rijiya ko burtsatse maimakon su ƙarar da na randa.

In kin gama ki zauna ki bi ta da hannu ki tsince duk wadda bata ɓare ba. Kar ki ji ƙyashin zubarwa, ki tara su ki shanya ki haɗa da dahuwa ta gaba. Duk daddawar da kika ji ƙasa-ƙasa ko ɗaci a miya to a wannan matakin aka yi ha'inci.

Dahuwa ta biyu

Ki mayar da wankakkiyar a tukunya mai tsafta da sabon ruwa, wannan karon awa 1 zuwa 2 ya isa. Ki sa kanwa kamar girman ƙwallon dabino a kwano ɗaya, tana sa ta yi laushi ta kirɓu da kyau. In kanwa ta yi yawa zata caɓe ta yi baƙi tun kafin lokaci kuma ta dinga ɗanɗanon sabulu. Abinda ake nema ki latsa ƙwaya ta murƙushe ba tare da ta zama kunu ba.

Tun tana kan wuta ki shirya wajen kwanciyarta, dan ba a so ta huce.

Rufi

Ki samu kwando ko ƙwarya babba, ki shimfiɗa buhu mai tsafta ko ganye mai faɗi a ciki. Ki tsane kalwar sosai, ruwa ya ɗige amma tana turiri ki juye, ki baza ta kaurin kamar faɗin tafin hannu, kar ta yi tsororuwa kar kuma ta yi siriri. Wasu suna barbaɗa 'yar toka tankaɗaɗɗiya ko ɗan garin gero a sama, wasu basa sa komai kuma tana yi. Ki rufe da wani buhun, ki ɗora faifai, ki lulluɓe da tsummokara ko tsohon bargo, ki kai ta lungun ɗaki ko kusa da murhu inda iska bata kaɗawa. Kar ki ƙulle ta a leda ruf, tana son ta ɗan yi numfashi, in kika toshe ta gumi zai koma mata ta yi tsami.

Abinda yake faruwa a ciki shine akwai wasu ƙwayoyin halitta da ido baya gani, masana suna ce musu Bacillus subtilis, suna nan a jikin kwando da ƙwarya da iska, su basa mutuwa da sauƙi da zafi, to in suka samu dafaffiyar kalwa mai ɗumi sai su hau cin ta suna narkar da sinadarin gina jikin da ke ciki, daga nan ne ɗanɗanon nan mai kama harshe yake fitowa, irin wanda masu dunƙule suke haɗawa a masana'anta. Aikin nasu da kansa yana haifar da zafi, in kika sa hannu a bayan kwandon a kwana na biyu zaki ji shi da ɗumi sosai. Gishiri yana hana su aiki, sanyi yana kwantar da su, shi yasa na ce kar gishiri kar iska. Kuma shi yasa tsohon kwandon da aka saba daddawa a ciki yafi sabo, dan dama suna zaune a jikinsa. Sau da yawa in kika ji ana cewa wance bata da hannun daddawa, in aka bincika ko dai ta bari ta huce kafin ta rufe, ko ta cika buɗe-buɗe, ko kayan aikinta da maiƙo.

Da zafi kwana 2 zuwa 3 ta yi. Da hunturu takan kai 4, ki ƙara mata bargo. Kar ki buɗe kafin kwana biyu.

In kin buɗe ga alamar mai kyau, wari mai hawa hanci zai bugeki har ido ya ɗan yi yaji, launinta ya koma ruwan ƙasa mai duhu da ɗan fari-fari a sama, in kin ɗebo tana yauƙi tana danƙo kuma tana murƙushewa cikin sauƙi. Warin nan kar ya tsorata ki, in ta sha rana zai kwanta ya zama ƙamshi. In ƙwayar tana nan da ƙarfinta ba yauƙi to sanyi ne ya kama ta, ki mayar ki ƙara kwana ɗaya a waje mai ɗumi. Amma in kika ga kore ko baƙin gansakuka, ko tsutsa, ko warin ruɓa irin na mushe, zubarwa za a yi, kar a ce za a gyara da rana, lafiyar iyali tafi kwanon kalwa.

Kirɓi da shanya

Ki juye a turmi ki kirɓa. Wasu suna son ta yi luƙui, ni nafi son a bar ta da 'yan ƙwayoyi dan tafi daɗi a dafa-duka. In kina son gishiri yanzu ne lokacinsa, kaɗan, yana tsayar da ruɓar kuma yana sa ta daɗe. Ki dinga ɗiba kina mulmulawa kina marinta a tafin hannu ta yi faɗi, ki jera a tabarma ko faifai. Mai faɗi tafi mai ƙwallo saurin bushewa, ita mai ƙwallo in ba a yi hankali ba sai bayanta ya bushe cikin yana ɗanye, bayan sati biyu ki fasa ki tarar da tsutsa. Ki shanya a sama, kan rumfa ko rufin ɗaki inda kaji da awaki basa kaiwa, ki yafa mata yadi mai shara-shara saboda ƙuda. Kwana 2 zuwa 4 a rana mai kyau kina juyawa, zata yi baƙi ta yi tauri. Da damina ki ƙarasa ta a saman murhu inda ɗumi ke tashi.

Busasshiya tana wata da watanni in kika sa a ƙwarya mai murfi ko gwangwani a waje mara laima, kuma lokaci-lokaci ki fito da ita ta sha rana.

Haɗa ta da sauran kayan ƙamshi

Daddawa ita kaɗai tana ba miya jiki ne da zaƙi, ƙamshin sama kuma aikin su citta ne. Ga yadda nake haɗa garin da zaki ajiye kina ɗiba, in kin daka busasshiyar daddawa gwangwanin madara 4, ki sa citta gwangwani 1, barkono 1 ko yadda gidanku ke cin yaji, masoro rabi, kimba kamar sili 5, kanunfari cokali 1 kacal, sai busasshiyar tafarnuwa in kuna so. Kanunfari da kimba su ne masu mulkin mallaka, in suka yi yawa ba abinda zaki ƙara ji a miya sai su, kuma kimba ki fasa ki cire 'ya'yan cikin dan su ne masu ɗaci, kwanson ake so. Ki shanya komai ya yi ƙarau kafin daka, masoro da kimba ki ɗan gasa su a kasko sama-sama har ƙamshi ya tashi. Ki fara daka masu taurin, citta da kimba, ki tankaɗe, sannan ki kawo daddawa daga ƙarshe dan tana da maiƙo tana kama turmi. In inji zaki kai ki tabbata ba a niƙa wani abu mai wari kafin naki ba. Kar ki yi da yawa, na wata ɗaya ya isa, dakakken kayan ƙamshi baya jimawa yake sanyi.

A tukunya

Babban kuskuren da ake yi shine a jefa daddawa a ƙarshe. Ita tana son wuta. A miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa, ki sa ta tun a ruwan farko tare da albasa da nama ko busasshen kifi, ta tafasa minti 20 zuwa 30 har kiji warin ya juye ya zama ƙamshi, sannan ki kaɗa kuka. Miyar da aka ce tana warin daddawa ba yawa tayi ba, dahuwa ce bata samu ba. A taushe ma haka, ta dahu tare da kabewa kafin gyaɗa da ganye su shiga. A dafa-duka ko faten wake ki soya ta a mai tare da albasa kafin ki tsaida ruwa. Ganyayyaki masu ƙamshi kuwa irin su ɗoɗɗoya da lawashi akasin haka ne, su sai an kusa saukewa, in suka daɗe a wuta ƙamshin ya bi turiri. In ba ɗanyen lawashi ki nemi gabu, shi busasshe ne yana jure dahuwa.

Ban ce ki daina dunƙule kwata-kwata ba, amma ki sani babban kason abinda ke cikinsa gishiri ne, kuma ga hawan jini ya yi yawa a gidajenmu. In tukunyarki kina sa 4, ki gwada 1 da daddawa mai kyau ki ji. Tsofaffi da masu jego ma sun fi son haka.

In kalwa ta yi tsada ana yi da waken suya, shi soya shi ake sama-sama a ɓarza a sheƙe ɓawon, a dafa awa 2 zuwa 3 sannan a rufe yadda na faɗa, yafi sauƙi da arha amma ƙamshinsa bai kai ba kuma baya daɗewa a ajiye. Akwai kuma daddawar batso da ake yi da gurguzu, wato 'ya'yan yakuwa, ita warinta yafi ƙarfi kuma kaɗan ake sawa. In kasuwa zaki siya kina son ki gane ta kalwa zalla, ki ɓalli ɗaya ki duba cikin, ta kalwa baƙa ce har ciki da ɗan maiƙo da ɓarin ƙwaya masu faɗi, wadda aka haɗa da waken suya cikinta yafi haske kuma tana marmashewa kamar ƙuli. Ki sa kaɗan a harshe, in kika ji tsami ko yashi ki ajiye musu ki matsa gaba.